Bindigar barewa a ƙasar zomo

Da zarar an kwashe gero da dawa, an ɗaure kara an jingine a jikin bishiyoyi, sai zancen farauta ya taso a majalisun samari tun daga Panisau har Rangaza. A da zancen ba ya wuce kare da gora da barandami, da wanda ya fara jifan zomo da wanda ya ƙwace. Yanzu wayar hannu ta shigo cikin lamarin. Sai ka ga matashi ya miƙo maka hoton wani Bature a dajin Amurka, ya durƙusa kusa da wata ƙatuwar barewa mai ƙaho reshe-reshe, bindigarsa na sheƙi, an ɗora mata madubin hange a sama. Tambayar da ke biyo baya kullum guda ce, wai nawa irin wannan za ta kai. Da wuya ka ji wanda ya fara da tambayar abin da zai harba da ita, ko inda zai tsaya ya yi harbin.

To, mu fara da inda zai tsaya. Ƙaramar hukumar Ungogo faɗinta murabba'in kilomita 204 ne, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum 369,657 a cikinta, wato kimanin mutum 1,800 a kowane murabba'in kilomita. Wannan lissafin tsoho ne ma, domin tun daga lokacin birni ya haɗiye Rijiyar Zaki da Bachirawa, filoti ya ci gonaki da yawa. Cunkoson kuwa ba na jiya ba ne. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincikensu a kan ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo, wadda take cikin yankin nan na kewayen Kano da gona ke manne da gona, ba a barin saura ta huta, ana noma ta kowace damina da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Bishiyoyin da ka gani a tsaye, ɗorawa ce ko kuka ko tsamiya ko gawo, kowace da mai ita. Ƙasa irin wannan ba ta ajiye barewa. Abin da take ajiyewa shi ne zomo da kurege da gafiya da bushiya da damo, sai fakara da kurciya da hasbiya. Zomon daji da ƙyar yake haura kilo 2 ko 3.

Su waɗancan Turawan da ake kallon hotonsu, a ba su haƙƙinsu, ba da ka suke sayen bindiga ba. Mai ƙaramin ƙarfi a cikinsu kan zauna ya yi lissafi, kuma daga dabbar yake farawa. Namijin barewarsu mai farar wutsiya yakan kai kilo 60 zuwa sama da 100, saboda haka sai ya nemi harsashin da zai kayar da shi nan take. Wanda ke farauta cikin kurmi, inda ba a hango nesa, yakan tsaya a kan harsashin da ake kira .30-30, wanda ya fito tun 1895, yana kuma aiki sosai a tazarar da ba ta wuce mita 150 ba. Wanda ke fili yakan ɗauki .270 na 1925, ko .308 na 1952, ko tsohon .30-06 da sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906. Yaro ko mai ƙaramin jiki akan ba shi .243 na 1955, saboda ba ya dukan kafaɗa da ƙarfi. Kuma shawarar da tsofaffinsu ke bayarwa ita ce, in kuɗinka kaɗan ne, ka nemi harsashin da ake samu a kowane kanti, domin bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kowace shekara. Wanda ya sayi mai tsadar harsashi ba zai yi atisaye ba, wanda bai yi atisaye ba kuwa ranar farauta raunata dabba zai yi ta tsere.

Wannan batu na raunatawa shi ne ya sa Ingila ta sa shi a doka. Dokar barewa ta 1991 ta hana harbin manyan barewa da harsashin da faɗinsa bai kai .240 na inci ba, wato kimanin milimita 6, daga baya aka sassauta zuwa .220 ga wasu ƙanana iri biyu. Mu nan mukan ce harbi ga wutsiya ya fi kuskure. A wajen neman abinci da sauran fafutukar duniya, karin maganar gaskiya ne. Amma a dawa ni ban yarda da shi ba, kuma ban ga maharbin kirki da zai yarda ba. Dabbar da aka kuskure ta tsira da lafiyarta. Wadda aka sama a cinya ko a ciki kuwa takan shige ƙaya ta kwana biyu tana shan azaba, ta mutu mushe, maharbi bai ci ba, ita ba ta rayu ba. Shari'a ma ta rufe wannan ƙofa: dabbar da aka harba da bisimilla aka same ta da sauran rai sai an yanka, kuma an hana mayar da mai rai abin gwajin saiti.

Sai dai harsashin da ke kayar da dabba mai kilo 100 nan take, in ya kuskure ba ya tsayawa. Na .30-06, in bakin bindiga ya ɗan ɗaga sama, yana iya tafiya fiye da kilomita 3 kafin ya faɗo, kuma ya faɗo da sauran ƙarfin kisa. Ko ɗan ƙaramin .22 da ake harbin kurege da shi yana wuce kilomita 1.5. Yanzu ka tsaya a kowace gona a Karo ko Yadakunya, ka juya gabas ko yamma, ka auna kilomita 3 a zuciyarka. Gida nawa ke cikin wannan tazara? Makarantar allo nawa, rijiya nawa, hanyar kasuwa nawa? Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, da wuya ka ga dutse ko tudun da zai tare harsashi, kuma da rani an share kara, ba abin da ya rage a tsaye sai bishiya da mutum.

Amurkawan da ke zaune a ƙasa irin tamu sun daɗe da gane wannan. A jihohin noma masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan gidaje, irin su Ohio da Iowa da Illinois, an yi shekaru da dama ba a yarda a harbi barewa da bindiga mai cin dogon zango ba, sai da bindigar harbin tsuntsu da aka sa wa dunƙulen dalma, ko mai ɗuri ta baki. Ohio sai a 2014 ta yarda da wasu harsasai masu gajeren zango, har kamfanin Winchester ya fitar da .350 Legend a 2019 musamman don masu farauta a irin waɗannan jihohi. Mutanen da bindiga ke cikin tsarin mulkinsu ke nan, amma da suka dubi gonakinsu sai suka rage wa harsashi tafiya da gangan. Ƙananan ƙwayoyin dalma na harbin tsuntsu kuwa a tazarar mita 200 zuwa 300 suke zubewa ƙasa. Manomin Ungogo ya san wannan hikima a gonarsa, domin ba ya kawo tarakta cikin ɗan fegin da ya shuka gero da wake a tsakanin ɗorawa biyu, fartanya yake ɗauka, ba kuma don bai san tarakta ta fi ƙarfi ba.

Madubin hangen shi ne ya fi jan hankalin samari, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Wanda aka fi sayarwa can shi ne mai lamba 3-9x40, ma'ana yana kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, gilashinsa na gaba kuma faɗin milimita 40. Masu farautarsu kan ce kada ka zuba kuɗinka duka a bindiga ka ɗora mata madubin banza, domin mai araha duk harbi sai ya goce daga saitinsa, da asuba da magariba kuma, lokacin da dabba ke fitowa, duhu yake nunawa. Wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ko mai tsadar ba ya iyawa. Duk yadda ya ƙara girman abin da ka sa wa ido, haka yake rage faɗin abin da kake gani. A ninki 9 zomo zai cika maka ido har ka ga kunnensa na motsi, yarinyar da ke tsintar kara taku goma a gefensa kuwa ta fita daga da'irar, mai keken da ke tahowa a bayansa ya zama dishi-dishi. Ka haɗa wannan da hazon hunturu, wanda shi ne lokacin farautarmu, lokacin da ƙura ke hana ka bambance akuya da yaro a tsugune daga nesa. A dajin da ba kowa wannan ƙaramar illa ce. A Ungogo kuwa da ita ake shiga gidan makoki.

Maharban Hausa na da sun fuskanci wannan matsala ta nisa, sun kuma warware ta ta wata hanya dabam. Maimakon su jawo dabba kusa da ido, sai su kai kansu kusa da dabba. Maharbi kan sassaƙa kan burtu da itace, wani lokaci da bakin tsuntsun na gaske, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kan kamar mai kiwo. Barewa da gada sun saba ganin burtu yana yawo a cikinsu, ba sa gudunsa. Haka zai yi ta rarrafe yana lura da inda iska ke kaɗawa, har ya iso tazarar da kibiya mai dafin ƙwanƙwani ko bindigar toka ba za ta kuskure ba. Kuɗin wannan kayan aiki bai taka kara ya karya ba. Tsadarsa a wani wuri take: shekarun da yaro zai yi yana bin ubansa ko ubangidansa da burgami a kafaɗa, yana koyon sawu da kashi da makwanci da mashaya, yana koyon haƙurin kwanciya cikin ƙaiƙayi rabin yini. Wanda ya matso taku ashirin ya san abin da zai harba, ya san mace ce ko namiji, ya san mai ciki ce ko mai shayarwa, ya kuma ga abin da ke bayanta. Ina ganin har gobe babu gilashin da ya kai wannan.

Kada a ɗauka ina yabon adaka ne don ta gida ce. Bindigar toka tana da nata sharrin, kuma a nan ne mai neman araha ya fi faɗawa rami. Maƙeri nagari ya san ƙarfen da zai jure wuta, amma akwai masu haɗa ta da kowane bututu da suka tsinta, su shafa mata fenti su ɗaura mata laya. Mai ita kuma, don ya ji ƙara ta girgiza unguwa ranar sallah ko ranar biki, sai ya ƙara albarushi fiye da kima. Ranar da bututun ya gaji, a hannunsa yake fashewa, yatsu su tafi, wani lokaci har da ido. Duk wanda ya zauna da maharba ya ga irin waɗannan hannaye. Ga ta da jinkirin ɗuri, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga, ga laima na hana ta tashi, ga wani lokaci ta yi shiru sai mutum ya leƙa bakinta ta tashi. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba adon kaɗai take hanawa ba. Kuɗin da aka rage a wurin maƙeri asibiti ake kai shi, da ƙari.

Sai kuma doka, wadda masu kallon hoto ba sa sawa a lissafi ko kaɗan. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, cikinsu har da bindigogin soja masu harsashin milimita 7.62 da milimita 9 da .300 da .303, da kuma ƙananan bindigogin hannu. Akwai na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da ta iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, wato su adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi, ƙerawa da gyarawa ma sai da izini. Abin da ya kamata matashi ya sani shi ne, .308 ɗin da ake yabo a bidiyo faɗinsa milimita 7.62 ne, tagwaye suke da harsashin sojan ƙawancen NATO. Wanda aka kama da irinsa a shingen bincike tsakanin Kano da Kaduna, a wannan zamani na 'yan bindigar daji, ba zancen zomo za a yi da shi ba.

Kuma tafiya ta zama dole ga mai son babban nama, tunda gida babu. Shi ya sa da rani ake cika manyan motoci da mutane da karnuka a nufi dazukan Bauchi da Kaduna da Taraba, wasu har kudu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma gudun yanzu ya haɗa da kuɗin mota da guzurin makonni da hatsarin hanya. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare motar da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su gida yin sallah, aka ga bindigoginsu na toka, aka yi musu taron dangi aka kashe mutum 16, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure. Laifin wannan ta'asa na wuyan waɗanda suka aikata ta, ba na mamatan ba, Allah ya jiƙansu. Na kawo ta ne don a san cewa a Nijeriyar yau bindiga a cikin kaya nauyi ce da mai ita ke ɗauka tun daga ƙofar gida, kuma takardar shaida da rajistar ƙungiya da sanar da hukuma kafin tafiya suna cikin kuɗin bindigar, ko da ba kullum suke tare mugunta ba.

Ita barewar ma da ake wa wannan shiri, ina take? Dajin Falgore da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila wurin ajiyar namun daji ne, farauta a cikinsa laifi ce. Yankari a Bauchi tun 1956 aka killace shi. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke shirin ƙarewa duk sun sa kariya ga nau'o'i da dama. A arewa da mu, a yankin Termit na Jamhuriyar Nijar, binciken da aka yi a 2016 ya iske guda 3 kacal na wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira addax, wadda a da take yawo garke-garke. Kwari da baka sun yi ɗaruruwan shekaru tare da waɗannan dabbobi ba su ƙarar da su ba. Mota mai shiga rairayi da bindiga mai cin nisa su suka yi aikin cikin ɗan lokaci, tare da fari da sarewar daji.

Barewar Amurka ma ta kusa ƙarewa. Wajen 1900 abin da ya rage bai fi rabin miliyan ba, yau kuwa ana ƙiyasta ta kai miliyan 30. Ba ingancin bindiga ne ya dawo da ita ba. An sa lokacin farauta da lokacin hani, an ƙayyade adadin da mutum zai kashe, sannan dokar 1937 ta ɗora haraji a kan bindigogin farauta da harsasai, wanda yanzu yake kashi 11 cikin 100, ana zuba kuɗin a gyaran daji da kiwon namunsa. Wato mutumin da ke cikin hoton nan ya biya kuɗin barewar tun kafin ya harbe ta, kakansa ma ya biya. Mu muna son mu sayi ƙarshen labarin ba tare da farkonsa ba. Alhali muna da tushen da za mu ɗora a kai, domin sarautar Sarkin Dawa da Sarkin Baka ba ta ado ba ce tun asali, su ke faɗin ranar fita da dajin da za a shiga, su ke raba rigimar wanda ya fara sara. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu kuma ya bambance farautar neman abinci, wadda ta halatta, da ta wasa kawai, wadda aka karhanta.

Ɗan'uwa, in kana zaune a Ungogo kana tara kuɗin bindiga, ga abin da na gani. Wadda ka gani a waya ba ta da aiki a nan, doka ba za ta ba ka ita cikin sauƙi ba, kuma maƙwabtanka sun yi kusa da yawa. In zomo da gafiya ne ke ɓata maka wake da gyaɗa, kare mai horo da tarko sun isa, ba sa kuma tsallaka gona su shiga gidan wani. In kuwa harbi ne sana'ar gidanku, to ka fara zuwa wurin Sarkin Dawan yankinku da ofishin 'yan sanda kafin ka je wurin maƙeri, ka ware kuɗin akwati mai kwaɗo da yara ba za su buɗe ba, kada ka ajiye ta da ɗuri a ɗaka. Masu unguwanni da dagatai kuma su zauna da shugabannin mafarauta kafin rani ya shiga, a fito a faɗa wa kowa gonakin da ba a yarda a tayar da bindiga a cikinsu ba.